Kafin a Miƙa Waya: Yadda Ake Koya wa Manya Tunanin Tsara Matakai a Gidimuni

Gidimuni na kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Mirya ta nufi Gure da Difa, kimanin kilomita 70 gabas da birni. Gari ne na tafki da lambuna, na rake da dabino da kanwa, kuma yau wayar salula ta shiga kusan kowace unguwa. Sai dai mallakar waya daban, iya sarrafa ta daban. Dattijon da ɗansa ya turo wa kuɗi daga Kano ko Libiya yakan ɗauki wayar ya kai wa yaron shago, ya faɗa masa lambar sirri da bakinsa. Uwargida mai sayar da ƙuli-ƙuli takan jira ɗanta ya taso daga lekol kafin ta san ko saƙon da ya shigo tun safe na kuɗi ne ko na tallan kamfani. Wayar tasu ce, amma mabuɗinta na hannun wani.

Maganin da aka saba yi wa wannan shi ne hadda. A tara mutane, a ce su danna nan, su danna can, su sa ɗaya, su sa uku. Da yamma kowa ya iya. Bayan wata biyu kamfani ya ƙara layi guda a jerin zaɓi, abin da ke lamba uku ya koma huɗu, sai haddar ta rushe, mutum ya koma wurin yaron shago da ƙarin tabbaci a ransa cewa abin ba nasa ba ne. Wannan jagora ta malamin yaƙi da jahilci ce, da ɗan ƙungiya, da duk matashin da ke son koya wa iyayensa abin da ba zai rushe da sauyin jerin zaɓi ba.

Abin da ake son a dasa shi ne tunanin tsara matakai irin wanda masu kwamfuta ke aiki da shi: mutum ya iya gutsuttsura babban aiki, ya jera shi mataki bayan mataki, ya san inda hanya ke rabuwa da sharaɗi, ya gane abin da ke maimaituwa, ya ware abin da ke da muhimmanci daga tarkace, kuma idan aiki ya ɓaci ya bi sawu ya gano inda aka kauce. Seymour Papert ya yi magana a kansa tun 1980, amma ƴar maƙalar da Jeannette Wing ta Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ta buga a 2006 ita ce ta yaɗa shi, inda ta nemi a jera shi da karatu da rubutu da lissafi a matsayin abin da kowa ke buƙata. Yawancin masu bin wannan kira yara suka sa a gaba. Ni kuwa ina ganin babba ya fi yaro kayan aikin. Wanda ya shekara talatin yana raba ruwa a fangalin lambu, ya san wanne ake fara shayarwa da lokacin da ake toshe wannan bakin a buɗe wancan, ya riga ya iya jera matakai. Abin da bai saba ba shi ne furta su a fili, ɗaya bayan ɗaya, ga abin da ba ya fahimtar ishara.

Abin da aka riga aka gwada a ƙasar Damagaram

Ba daga sama za a fara ba. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan manya a jihohin Doso da Damagaram, kuma Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddigin ƙauyuka 113. A wasu ƙauyukan karatu da lissafi kawai aka koyar. A wasu kuma aka ƙara da darasin waya mai madannai, ana ba kowane mutum biyar waya ɗaya. Shirin da ake kira ABC ke nan. Ƙauyukan da aka sa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma ratar lissafi ba ta ɓace ba bayan an yi watanni da rufe aji. Dalilin a fili yake: wanda ke da abin da zai yi da lamba kullum ba ya mance lamba.

Darussa biyu na ɗauka daga nan. Na farko, ƙaramar waya ta isa, ba sai mai shafawa ba, balle kwamfuta. Na biyu, raba waya ɗaya ga mutum biyar ba rashi ba ne, domin huɗu suna kallo suna gyara wa na biyar, kuma a cikin wannan gardamar ake koyon abin. Abin da shirin bai sa a gaba ba, wanda zamanin tura kuɗi ta Nita da Amana da Airtel Money ya wajabta, shi ne koyar da yadda na'urar ke bin umarni.

Shirin aji

Azuzuwan ABC daga Fabrairu zuwa Yuni suka gudana, saboda a yawancin ƙauyuka lokacin ne hannu ke sake. A Gidimuni kada a kwafi wannan ido rufe, domin rani a nan lokacin lambu ne. A zauna da masu koyo su zaɓi ranaku da kansu, a kauce wa ranar kasuwa. Maza masu lambu sukan fi samun sarari bayan isha'i, mata kuwa tsakanin azahar da la'asar, kafin a ɗora sanwar dare. Awa ɗaya da rabi ta isa zama guda. Zama goma sha biyu, sau biyu a mako, ya isa a kafa tushe.

Kada aji ya wuce mutum ashirin, maza daban, mata daban, kuma in da hali mace ta koyar da mata. A fara da gaishe da mai gari da liman a gaya musu abin da za a yi, a kuma sami yardar mazajen matan tun kafin rana ta farko, don kada mace ta zo sau uku a hana ta na huɗu. Gidimuni gari ne da Hausawa da Barebari ke cuɗe, ga Fulani da Buzaye a kewaye. Hausa ta ishi aji, amma duk wanda Hausarsa ta kasuwa ce kawai a zaunar da shi kusa da mai jin harshensa.

Kayan aiki kuwa ba su da tsada: fili mai yashi, sanda, ƙwallayen dabino cikin ƙwarya, ƴan katuttukan kwali, allo da alli, da waya huɗu. A yi cajinsu tun safe wurin mai faranti mai aiki da rana, a sa musu ɗan kiredi. Wayoyin nan kada su fito daga jaka sai zama na biyar. Wannan sharaɗi yana da wuyar kiyayewa, don mutane saboda waya suka zo, amma da ta fito ido ya koma kanta, kunne ya toshe. Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokansa sun daɗe, tun shekarun 1990, suna koyar da dabarun kwamfuta da kati da wasa ba tare da an kunna komai ba, kuma hanyar ta karɓu a ƙasashe da dama.

Malam ya zama na'ura

Zama biyu na farko wasa ɗaya ake yi, kuma shi ne ginshiƙin komai. Malam ya ajiye kayan shayi a gabansa: buta, kofuna, ganye, sukari, ruwa, kurfoti ba wuta. Ya ce: "Yau ni ba mutum ba ne. Ba ni da hankali, ba ni da tunani. Abin da kuka faɗa shi zan yi, ba ragi ba ƙari. Baba, ku sa ni in dafa shayi."

Dattijo zai ce: "To, zuba ruwa."

Malam ya ɗauki ruwa ya zuba a ƙasa.

"Kai, ɗan nan! A buta!"

Malam ya zuba a kan murfin buta, tunda ba a ce a buɗe ba. Nan za a yi dariya, kuma dariyar tana da amfani, don malam ake yi wa, ba ɗalibi ba. Sai wani ya ce a buɗe murfi tukuna. Malam ya buɗe, ya fara zubawa, ya ci gaba har buta ta cika ta tumbatsa, domin ba a ce masa ya tsaya ba. A nan ne wani zai furta jimlar da ake jira: "Zuba har ya kai wuyan buta, sannan ka tsaya." Malam ya dakata ya nuna wa aji abin da ya faru. An ba da umarni mai maimaituwa, an kuma sa masa iyaka. Idan aka zo sukari za a ji wata: "Ɗanɗana. In bai ji ba, ƙara. In ya ji, bari." Ga sharaɗi ya fito daga bakinsu, ba daga allo ba.

Kowane matakin da aji ya amince da shi a ajiye masa ƙwallon dabino ɗaya a jere. Shayin da aka ce mataki uku ne zai kai goma sha biyar ko fiye. Sai malam ya cire ƙwallo ɗaya daga tsakiya, ko ya musanya biyu, ya sake bin jerin, aji ya gano inda aka ɓata. Ga mata a yi da dama fura ko suyar ƙosai. A zama na biyu a juya: ɗalibi ya zama na'ura, wani ya ba shi umarni. A kiyaye mutunci a nan. Kada a sa suruki ya umarci surukinsa, kada a sa dattijo ya zama abin dariyar sa'ar ɗansa. A haɗa tsara da tsara.

Abin da mutum zai tafi gida da shi guda ne, kuma yana sauke nauyi daga zuciya: waya ba ta fi shi wayo ba, kuma ba ta raina shi ba. Idan ta ƙi, wani mataki ne ya ɓace ko ya zo ba a gurbinsa ba, kuma ana iya nemo shi.

Dala da sefa

Wannan darasi ya cancanci zama biyu cikakku, domin a nan kuɗin mutane ke salwanta. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai rake ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jika ɗaya dala 200 ce, wato sefa 1,000. Waya kuwa ba ta san dala ba, sefa zalla take karantawa. Matar da ke son tura wa ɗiyarta "ɗari shida" ta danna 600, alhali 3,000 take nufi, ta tura kashi ɗaya cikin biyar. Haka kuma ta ɗaya gefen: saƙo ya nuna 2,000, yaro ya karanta "dubu biyu", uban ya ji da kunnen dala ya ɗauka jika goma ce, alhali jika biyu ce. Daga nan sai zargi ya shiga tsakanin uba da yaron shago, ko tsakanin wa da ƙani.

Kada malam ya ba da ƙa'idar. Ya jera misalai a allo ko a yashi: dala 20 sefa 100, dala 50 sefa 250, dala 100 sefa 500. Ya tambaya me ke faruwa kowane karo. Ƴan kasuwa za su riga kowa cewa ninki biyar ne. Sai a nemi hanya mafi sauƙi ga mai lissafin ka, kuma galibi wani a ajin zai kawo ta: a ƙara sifiri a raba biyu. Dala 70 ta zama 700, rabinta 350. Daga nan aji ya gina matakansa da kansa. A fara tambaya: kuɗin nan da jika aka faɗe shi, ko da dala, ko da duka biyun? In jika ce, a rubuta adadin a bi shi da sifiri uku. In dala ce, a ƙara sifiri a raba biyu. In duka biyun ne, a yi kowanne daban a haɗa. Jika uku da ɗari ta zama 3,000 da 500, wato 3,500.

Sai a gwada ƙa'idar da abin da zai iya karya ta. Jika da rabi fa? Dala 15, wadda rabin 150 ɗinta 75 ne? Wanda ya yi ciniki da naira a Maigatari ya dawo fa, ina nairarsa za ta shiga? Duk inda ƙa'idar ta gaza a ƙara mata reshe. Mutanen da suka ga ƙa'idarsu ta gaza suka gyara ta da hannunsu sun koyi abin da ya fi ƙa'idar kanta.

Ga wanda bai san lambobi ba, a nan ake koya masa su, guda goma kacal, a jere yadda suke a fuskar waya: uku-uku, sifiri a ƙasa. A zana su a yashi da girma, mutum ya taka da ƙafa. Wanda ya yi makarantar allo ya san lambobin Larabci, a rubuta masa su kusa da na boko. Ya lura da abu ɗaya: biyar ta Larabci ta yi kama da sifirin boko, kuma wannan kamannin yana ruɗa mutane ƙwarai.

A ajin mata akwai wata taska da ba a cika lura da ita ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 kafin tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, suna tafiya ne bisa dokoki da matan suka haddace: zubi kowane mako, tara ga wadda ta makara, sharaɗin karɓar rance, ranar fasa asusu. A sa shugabar asusu ta faɗi yadda zamansu ke gudana daga buɗe akwati zuwa rufe shi, a jera mata ƙwallaye. Za a ga maimaici, a ga sharaɗi, a ga tantancewa, duk a cikin abin da suke yi kowane mako.

Taswirar waya a kan yashi

Yanzu waya ta fito, amma a hannun malam tukuna. Ya danna lambar da ke buɗe jerin zaɓin kamfani, ya karanta abin da ya bayyana. Aji ya zana shi a ƙasa kamar gida mai zaure: ga ƙofar shiga, ga ƙofofi biyar ko shida a cikin zauren, kowace ta kai ka wani tsakar gida mai nasa ƙofofin. A yi zanen da faɗi yadda mutum zai iya tafiya a ciki. Wani ya tsaya a bakin ƙofa a ce masa: "Alhaji, ku je ku duba kuɗin da ya rage muku." Ya taka, yana faɗin ƙofar da ya zaɓa da dalilinsa. In ya ɓata, ya koma baya mataki ɗaya, ba farko ba.

Jerin zaɓin nan da Faransanci yake zuwa. Ko da yake dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, fuskar waya ba ta bi sahu ba tukuna, kuma wannan abu ne da ya kamata hukuma ta matsa wa kamfanoni a kai. Kafin nan, ba sai an koyi Faransanci ba. Kalmomi ƙalilan ne ke dawowa kullum: Envoyer, Montant, Solde, Confirmer, Annuler. A rubuta kowace a kati, a bayanta a yi zane: hannu mai miƙawa, tsabar kuɗi, akwati, da sauransu. Mutum ya riƙe siffar kalmar, harafin farko da tsawonta. Muhimmin abu shi ne ya nemi kalmar, ba lambar da ke gefenta ba. Don a tabbatar, malam ya share lambobin ƙofofin ya sauya musu jeri, ya sake tura mutum. Wanda ya isa inda aka aike shi bayan an sauya lambobi ya tsira daga hadda.

Bayan an yi haka da kamfani ɗaya, a kawo na biyu, a tambaya me suka haɗa. Aji zai gano cewa duk tura kuɗi tambayoyi huɗu ne, ko ta waya ko a gaban ma'aikacin Nita: wa za a ba, nawa ne, ka tabbata, ina shaidar kai ne. Jerin yana iya sauyawa, tambayoyin ba sa sauyawa. Haka saƙon da ke zuwa bayan an tura: layi biyar ne ko shida, amma abin dubawa uku ne, adadi da lambar mai karɓa da abin da ya rage. Sauran a bar shi. Iya kau da ido daga abin da ba shi da amfani fasaha ce da sai an koya, musamman ga sabon mai karatu da ke jin dole ya karanta kowane harafi.

Sai a raba wayoyi, biyar-biyar. Ɗaya na dannawa, ɗaya na faɗin mataki na gaba, sauran na sa ido, a riƙa juyawa. A fara da abin da ba ya cin kuɗi: duba kiredi, ajiye lamba, nemo ta. Wanda bai iya karanta suna ba ya ajiye lambar ɗansa da harafi ɗaya ko alama da ya zaɓa da kansa. Ranar tura kuɗi na gaskiya a tura mafi ƙanƙantar abin da kamfani ya yarda da shi, tsakanin ƴan aji. Lambar sirri kuwa ko malam kada ya gani. Ya juya baya a fili lokacin da ake danna ta, don aji ya ga haka ake yi.

Idan abu ya ƙi, malam ya riƙe hannunsa a baya. Kada ya karɓi wayar. Ya tambaya: "Inna, ina kuka tsaya? Me kuka danna kafin nan? Me kuke jira ku gani, me kuka gani?" Aji ya saba da jerin dubawa: akwai caji, akwai rezo, akwai kuɗi, lambar ta cika takwas? Lambobin wayar Nijar takwas ne, kuma ƙirga su kaɗai yana kama kuskure mai yawa.

Gurabe tara

Akwai darasi ɗaya da ba shi da alaƙa da kuɗi, amma ina ba da shawarar kada a tsallake shi. Malamin Katsina Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin cika murabba'in lambobi, irin wanda kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Faɗin wannan a aji yana gyara zaman mutane, domin suna jin cewa lissafi mai bin ƙa'ida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

A haƙa gurabe tara a ƙasa, uku-uku. Ga ɗaya daga sanannun hanyoyi. A sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba ta gaba a hau sama ɗaya a matsa dama ɗaya. In an fita ta sama a shigo ta ƙasa, in an fita ta dama a shigo ta hagu. In gurbin da mutum a ciki, a sauka ƙarƙashin lambar da aka sa yanzu. Za a sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kowane layi 15. Mai amfani da ƙwallaye ya zuba adadinsu a gurbi. Sai a faɗaɗa zuwa gurabe 25 da ƙa'idar nan ba sauyi, kowane layi ya ba da 65. A nan mutum ke ganin cewa ƴan dokoki huɗu suna iya ɗaukar aiki ƙarami da babba, kuma in layi ɗaya bai ba da jimlar ba, sai a bi sawu daga 1 har a kama inda aka kauce.

Ƴan damfara

Zama biyu na kusa da ƙarshe na kare kai ne. Malam ya yi wasan mai kira: "Salamu alaikum, Hajiya, daga kamfani ne. Kun ci kyauta, ku karanto mini lambar da ta shigo muku yanzu." Ko kuma: "Na yi kuskure na turo muku kuɗi, don Allah ku maido." Aji ya gina wa kansa dokokin in-kaza-to-kaza. In an nemi lambar sirri, a kashe waya, ko wane ne. In an ce an turo kuɗi bisa kuskure, a duba abin da ke asusu da hannu, kada a dogara da saƙo. In murya ta zo ta WhatsApp cewa ɗanka na cikin matsala a Agadas a turo kuɗi, a kira ɗan a lambar da aka sani kafin komai. In ana gaggauta ka, gaggawar kanta alama ce. Dokokin kada su wuce biyar, kuma su fito da kalmomin ƴan aji. Kunya ita ce makamin ɗan damfara, don mutumin kirki yana jin nauyin katse wa mai sallama magana, saboda haka a maimaita wasan har kashe wayar ya daina yi musu nauyi.

Yadda za a san an iya

Ba a yin jarrabawar takarda. A zama na ƙarshe a ba kowa aiki uku. Ya tura kuɗin da aka faɗa masa da dala, shi kaɗai. A miƙa masa wayar da ba irin tasa ba, ko layin wani kamfani, ya nemo abin da ya rage a ciki. Sannan a ba shi wayar da malam ya ɓata da gangan, ya cire layi ko ya ajiye lamba mai bakwai, ya faɗi abin da ya hana ta aiki. Na biyu da na uku su ne awo na gaskiya. Malam ya rubuta a kaye wa ya yi shi kaɗai, wa ya yi da tambaya ɗaya, wa ya kasa, da matakin da ya tsaya.

Kafin a watse, kowane rukuni na biyar ya zaɓi mutum ɗaya da za a riƙa tuntuɓa, da sharaɗin da aka bi a aji: yana tambaya, ba ya karɓar waya. Katuttukan kalmomi su zauna wurinsa. Ga mata, mafi sauƙi shi ne a jingina abin da zaman asusu na mako, a ware minti goma a ƙarshe wata ta duba saƙo ko ta ajiye lamba a gaban sauran. Malam ya dawo bayan wata biyu, kafin ruwa ya sauka mutane su koma gona, ya sake ba da aiki na biyu da na uku da wata wayar daban, ya gwada abin da ya samu da abin da ke cikin kayensa. Duk matakin da mutum uku ko fiye suka tsaya a kansa, da shi za a buɗe ajin baɗi.